Ƙafar Parina

Shekara goma sha bakwai Nemesio ya yi a birni yana gyaran mota. Kwana uku da dawowarsa ƙauyensu na kan tsaunuka ya dage shi zai kora lama, dabbobin kiwonsu masu kama da ƙananan raƙuma, zuwa bakin tafki, don tsohuwarsa ta ga har yanzu shi ɗan garin ne. Inna Casilda ta biyo shi da sandarta.

Sanyin Yuli, watan hunturu a ƙasarsu, ya daskarar da gefen tafkin. Ga parina sun kai ashirin, tsuntsayen nan masu dogon wuya da jan fiffike, sun yi cirko-cirko, ƙanƙara ta kame musu ƙafafu. Ɗaya na dab da gaɓa.

"Wayyo, Inna, wannan mutuwa zai yi!"

"Bar shi da rana. Dawo nan, ɗan nan."

Ina! Mutumin birni ya hango aikin lada. Ya sunkuci dutse, ya rarrafa kan ƙanƙara, ya hau bugu. Tsuntsu ya ga ƙato a kansa, ya firgita, ya fizge da iya ƙarfinsa. Ƙas! Ƙafar ta karye kamar busasshen kara.

Nemesio na nan durƙushe da tsuntsun a ƙirji sai rana ta leƙo ta bayan dutse. Ba a jima ba ƙanƙarar ta saki. Sauran suka zare ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗe jiki, suka tashi abinsu. Haka suke yi kowace safiya, yaron goye ma ya sani. Shi ma da ya sani, mantawa ya yi. Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai ya dubi uwarsa.

Ita kuwa ta karyi tsinke biyu, ta warware zaren ulu daga bakin mayafinta, ta ɗaure karayar.

"Zai ƙara tashi?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"Riƙe masa wuya, kar ya tsokane maka ido."

A hanyar gida suka yi kiciɓis da maƙwabcinsu, tsoho Eleuterio, wanda bakinsa ba ya ajiye magana.

"Kai, kai! Wane mara imani ya yi wa parina haka?"

Nemesio ya buɗe baki, Inna ta riga shi.

"Dila ne. Yaron nan ya kore shi da dutse."

A iya sanin Nemesio, uwarsa ba ta taɓa yin ƙarya ba, sai yau, saboda shi.

Tsoho ya dafa kafaɗarsa, ya jijjiga. "Madalla! Na ce wa mutanen gari birni bai cinye ka ba. Yau kowa sai ya ji."

Nemesio ya ce, "Na gode, Baba." Tsuntsun na ta karkarwa a cikin rigarsa.