Kunamar Hannun Yaya

"Auta, kira min yayanki. Ke ba za ki iya juya ni ba."

Baba mai gyaran takalmi ne ya faɗa, yana kwance a can gefen katifa kamar wanda ya rage wa wani wuri. Auta ta ajiye kofin ruwa. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da nasu, ba abin da bai ji ba.

Tun da aka sako Yaya daga gidan yari bai leƙa ko ƙofar gida ba. Ranar da ya dawo ya miƙa hannu zai ɗauki kwano, Inna ta hango baƙin zane a damtsensa. Ta ce kunama ce, tambarin 'yan daba, ta rantse ba zai sa hannu a kwanonta ba sai ya goge. Ya dirje wurin da dutse har ya yi jini, zane na nan daram. Daga nan ya koma riga mai dogon hannu da zaman ɗaki. Jiya Auta ta ga ya ƙulle kayansa a leda ya tura ƙarƙashin gado. Ta san tafiya zai yi, kuma ba da sallama ba.

Ta je ta kira Yaya, da ƙyar ya biyo ta. Suna isa ya ja ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya.

"Shigo mana, ba gandiroba a nan," in ji Baba. "Ni ma da na fito na daɗe ina tsayuwar nan, ina jiran a ba ni izini a gidan ubana."

Yaya ya ɗago kai a karon farko. Ya shiga ya tallabi tsohon, ya juya shi a hankali. Hannun rigarsa ya zame. Kafin ya ja, Baba ya cafke shi.

"Kai! Wane makaho ne ya yi maka wannan?"

"Wani ne a ɗakinmu, Baba. Da allura da hayaƙin silifas."

"Ashe har yanzu haka ake. Ka ƙona roba, ka tara baƙin a murfin gwangwani, ka kwaɓa da ɗigon ruwa. Ni ne mai yi a lokacinmu. Amma ni in na zana maka tsuntsu, sai ka dafe hannu kada ya tashi."

Yaya ya yi wata 'yar dariya da Auta ta manta yana da ita. Tari ya turnuƙe Baba. Da ya lafa, ya kalli labule.

"Uwar Auta, inuwarki ta tona miki asiri. Ƙaraso."

Inna ta shigo tana gyara mayafi, ba ta kalli ɗanta ba.

"Sannu da jiki, Malam."

"Jiki ya gama nasa. Zauna ki ji. A can ciki, sun karɓe maka riga, sun karɓe suna, har barci sai an ce ka yi. Fatarka kaɗai ta rage taka. To abin da kake tsoron mantawa, shi kake sawa a kai."

"Shi kunama yake tsoron mantawa?"

"Wace kunama? Buɗe ido. Ga tayar da ake juyawa. Wannan da kike cewa ƙari, allura ce. Shekara nawa yana hana ni barcin rana ta katangar nan? Keken ɗinkinki ne, baiwar Allah."

Inna ta matso, ta kama damtsen, ta karkata kai, ta sake karkatawa.

"To shi mai zanen," in ji Inna, "bai taɓa ganin keke ba ne?"

"Da baki na kwatanta masa, Inna."

Ba ta saki hannun ba har suka fito.

Baba bai kai ƙarshen makon ba. Yaya ne ya zauna da shi, yana juya shi, yana jiƙa masa leɓe, suna hirar mutanen da Auta ba ta sani ba. Baba ya cika da la'asar, kansa a cinyar Yaya. Auta ta so ta ce masa sun gode tun yana ji, kunya ta hana ta. Sai ta share masa ƙofar ɗaki, ta jera takalman mutane da bai gama gyarawa ba, ƙafa da ƙafa.

Da aka dawo daga maƙabarta, Yaya ya shigo tsakar gida, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ƙasa ta manne masa zuwa gwiwar hannu. Auta ta tashi za ta ɗauko buta, Inna ta riga ta. Ya durƙusa a bakin rariya, tana zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan, jar ƙasar tana gangarowa ta tsakanin yatsunsa.