Ƙusoshin Ƙirya

"Ku ajiye katakon nan! Don Allah ku ajiye!"

Furera ta faɗo gidan ko takalmi babu, rungume da wani gwangwanin madara. Matan da ke girkin makoki suka ɗago kai. An ɗora manyan tukwane uku a gindin mangwaro, Balaraba mai girkin taro tana riƙe da gatari, a gabanta ga wani dogon katako ja mai santsi, an rubuta lamba uku a gefensa da fensir.

Balaraba ta ce, "Maman Zaid, lafiya? Oga Benjamin ne ya ce mu kwashi tarkacen rumfa. Icen da aka kawo jiƙaƙƙe ne."

"Wannan ba tarkace ba ne. Akwatin Baba Job ne."

Shekara goma sha ɗaya Furera tana maƙwabtaka da Baba Job a unguwar Sintali, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ba kafinta ba ne, tsohon akawu ne da ya yi ritaya ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ya cika rumfar bayan gidansa da zarto da gudumomi da wayoyi da ƙarfen narka dalma. Kujerar da take tuya a kai shi ya yi. Fitilar da ke ɗakinta shi ya haɗa da tsofaffin batura da ɗan faifan sola.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, sai ya ja waya ta kan katanga, makunni a jikin gadonsa, ƙararrawa a tagar kicin ɗinta. Ya ce da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "In ka ji sau ɗaya, shayi nake so. In sau biyu ne, ka zo da gudu."

Wata rana da hantsi ya kira ta rumfa, ya janye buhu daga kan wasu katakai shida na maɗaci. Ya ce akwatinsa ne. Ta ja da baya tana salati.

"Zauna mana, ba ya cizo." Ya shafa katakon. "Matata Rejoice, na kanti muka saya mata. Fari, da hannu mai ƙyalli. Ana saukar da shi cikin ruwan sama gindin ya buɗe. Ashe siririn katakon filawud ne da ƙananan ƙusoshi. Na ga ƙafarta, Maman Zaid. Ni ba wanda zai ga ƙafata."

Ya nuna mata haƙoran da ya yanka a bakin kowane katako, masu shiga cikin juna kamar yatsun hannu biyu. "Ɗaya ya shiga ɗaya, biyu ya shiga biyu. Kada ka buga da ƙarfe, da gudumar itace za ka bi a hankali. Ƙusan ƙarfe yana tsatsa ya saki. Na itacen ƙirya in ya sha damshi kumbura yake, ya ƙara kamawa." Ya miƙa mata gwangwanin, cike da ƙusoshin itacen da ya fiƙe ɗaya bayan ɗaya da wuƙa.

"Baba, ni mace, kuma Musulma, me ya haɗa ni da akwatin gawa?"

"Kai ne kake jin ƙararrawa."

Sau uku ya sa ta haɗa ta kwance, har ta iya ba tare da ya buɗe baki ba. Da ta tambaye shi ko ya gaya wa ɗansa, sai ya ce yaron kullum yana cikin mitin, bari ya zo Kirsimeti. Ya sa wa kowane katako lamba, amma bai rubuta wa kowa ko layi ɗaya ba. Ranar Talata da la'asar ƙararrawa ta yi ƙara sau biyu. Ba a kai asibiti da shi ba.

Yanzu ga ɗan nasa, Benjamin, ya fito daga falo da waya a kunne, shekaranjiya ya iso daga Abuja. Furera ta gyara mayafi, ta yi masa bayani. Har ta durƙusa ta jawo katako mai lamba ɗaya ta cusa haƙoransa cikin na ɗan'uwansa. Suka kama juna tsaf, ko allura ba za ta shiga ba.

"Ka gani? Minti ashirin kawai ka ba ni."

Ya kashe wayar. "Anti, na gode da duk abin da kika yi wa Dadi. Amma gobe ciyaman ɗinmu zai zo, da mutanen ofis bas guda. So kike a ce na sa ubana a akwatin da ya ƙera wa kansa, kamar bai haifu ba?"

"Saboda abin da ya faru da mamanka ya..."

"Ina wurin. Shi ya sa na ɗauko mafi kyau." Ya nuna baranda, inda wani farin akwati ke ƙyalli cikin leda.

Ta matsa ta ƙwanƙwasa gindinsa da bayan yatsa, yadda tsohon ya koya mata. Ƙarar ta fito kamar ta ganga.

"Benjamin, filawud ne."

Mata biyu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Fuskarsa ta canja.

"Ya rubuta a wani wuri? Kina da takarda?"

Ta miƙo gwangwanin. Ko kallonsa bai yi ba.

"Anti, da girmanki. Ku ai ba kwa binnewa da akwati. Ki bar mana namu." Ya juya. "Madam Balaraba, baƙi suna jiran abinci."

Gatarin ya yi tsalle a sara na farko, ya sake yi a na biyu. Balaraba ta share gumi ta ce, "Kai, katako da taurin kai kamar mai shi!" A na bakwai ya tsage. Furera ta tsaya har wuta ta lashe lambar ukun, sannan ta fita. Hayaƙin ya bi ta har tsakar gidanta, ya kama kayan da ta shanya.

Ranar Asabar aka kai shi ƙauyensu ta wajen Sunkani. Tun safe ake yayyafi. Ba ta je ba, kuma da mutane suka dawo ba ta tambayi kowa yadda aka sauke shi ba.

Ranar Litinin da hantsi tana yankan albasa, ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya. Har ta ɗora butar shayi a wuta kafin ta ji muryoyin maza a bayan katanga, suna jan gado, wani yana cewa a kama ta can. Wayar ta miƙe, ta tsinke, ta zubo cikin tsakar gidanta.

Ta fita ta naɗe ta a hannu a hankali, ta ajiye a taga kusa da gwangwanin. Ruwan ya tafasa, ta bar shi yana ta tafasa.