Ƙwallon da Koci Tackett Ya Karɓe

Shekara talatin da shida Orville Tackett yana horar da 'yan besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunsa da sanda, na Kwalejin Harlow Creek, can tsakiyar gonakin masarar Nebraska, kuma sau ɗaya tak ya taɓa ganin rana irin ta yau. Wancan karon ma bai ƙare lafiya ba.

Asabar ce da rana, an shiga zagaye na takwas, saura ɗaya a tashi. Tate Hruska, mai jifansu, ɗan aji biyu, tun da aka fara wasa bai bar ko mutum ɗaya cikin abokan karawa ya samu bugun da zai tsira da shi ba. Ko ɗaya! Kowa kuwa ya san dokar irin wannan rana, duk da ba a rubuta ta a ko'ina ba: ba a ambatar abin da ke faruwa. Ba a yi wa mai jifa magana, ba a zama kusa da shi, wanda ke zaune kada ya sake wuri. Mataimakin koci, Dub Lindqvist, ƙato mai tumbi, tun zagaye na biyar fitsari ya matse shi, amma ya ƙi tashi daga kan bokitin da yake zaune, sai mutsu-mutsu yake yana tauna cingam.

Shi kuwa Tackett hannun yaron kawai yake kallo. Duk jifa sai Tate ya yarfe hannun dama, ya dunƙule yatsu ya buɗe, gwiwar hannun kuma ta fara sauka ƙasa da inda ta saba. Tsohon ya san wannan yarfe hannun. Shekara ashirin da tara da suka wuce, uban yaron, Royce Hruska, haka ya yi ta yi a kan wannan tudun jifa, a rana irin wannan. Tackett a lokacin matashi ne mai yunwar suna. Ya gani sarai, ya kama bakinsa, ya ce ai al'ada ce a yi shiru a irin wannan rana. Royce ya ƙarasa wasan, aka ɗaga shi a kafaɗa, aka buga hotonsa a jarida. Daga ranar hannunsa bai sake miƙewa ba. Manyan ƙungiyoyin da ke zawarcinsa suka watse, ya koma gonar ubansa, tsakaninsa da Tackett kuma sai gyaɗa kai daga nesa.

Bara da Royce ya kawo ɗansa makaranta, magana ɗaya ya yi, ko injin mota bai kashe ba: "Da hannu biyu na kawo shi, Koci."

Ga shi can yanzu a layi na uku bayan raga, da jar hula, ya harɗe hannuwa.

Tate ya sake jifa, ya ɗan cije leɓe. Tackett ya miƙe.

"Ina kuma za ka?" in ji Dub, cikin raɗa. "Orville, zauna don Allah. Ni da mafitsarata ke shirin fashewa ban motsa ba, sai kai?"

"Ka ce wa Benny ya ɗumama hannu, shi zai karɓi jifa."

"Benny? Benny da ko ƙofar rumbu aka sa masa a gaba sai ya kuskure? Tsufa ne ya fara taɓa ka?"

"Je ka yi fitsarinka, Dub."

Ya taka zuwa fili da gwiwoyinsa masu ciwo. Da ya zo farin layi ya tsallake shi, don duk tsiya ba ya taka layi, wannan camfin kam ba zai bari ba. Filin ya yi tsit, sannan ihu ya ɓarke. Mutanen da ya horar da 'ya'yansu, waɗanda suke cin gasasshen nama tare a bayan coci, su ne ke ce masa ya tafi gida ya yi jinyar gwiwa. Wata tsohuwa ta jefo kofin takarda. Ya ji zafin abin ƙwarai, ba ƙarya, amma bai waiwaya layi na uku ba, don tsoro yake ji.

Ya isa tudun, ya miƙa tafin hannu.

"Koci, haba," in ji Tate, idonsa ya kawo ruwa. "Mutum huɗu suka rage. Huɗu fa!"

"Ina ne ke ciwo?"

"Ba ko'ina."

"Ɗan nan, na girmi ƙaryar nan da shekara ashirin da tara. Ba ni ƙwallon."

Yaron ya dangwara masa ƙwallon, ya wuce bai ko dube shi ba. Benny ya shigo, jifansa na biyu aka maka ƙwallon har bayan katanga, cikin gonar wani. Aka cinye su uku da biyu. Da Tackett ya ɗaga kai daga baya, kujerar layi na uku ba kowa.

Lahadi ko coci bai je ba. Idan likita ya ce lafiyar hannun lau, to ya ƙwace wa yaro ranar da ba za ta dawo ba, a banza. Idan kuma ya ce jijiyar hannun ta tsinke, ya makara ke nan karo na biyu, a gida ɗaya. Matarsa Lorraine ta ajiye masa abinci sau biyu tana ɗaukewa yadda ta kawo.

Litinin da hantsi ya je asibitin garin, ba wanda ya gayyace shi. Ya zauna a baranda yana murza hula. Can sai ƙofa ta buɗe, Royce ya fito shi kaɗai, da ƙurar gona a takalminsa. Tackett ya miƙe.

Royce ya zo ya tsaya a gabansa.

"Jijiyar ta ɗan tsage," ya ce. "Ba ta tsinke ba. Hutun mako takwas, ba sai an yi aiki ba. Likita ya ce da ya ƙara jifa goma, da labari ya sha bamban."

Tackett ya koma kan benci daɓas. 

"Na neme ka a filin," ya ce. "Na ga ka tafi."

"Ina fa na tafi! Tun zagaye na bakwai na ga hannun nan. Da ka miƙe, ni ina bakin shinge, ƙafata ɗaya a sama. Da ba ka fito ba, da kaina zan shiga in ɗauko ɗana, 'yan sanda su yi abin da za su yi." Ya ɗan yi murmushi. "Tafiyar taka dai, Koci, ko kunkuru ya fi ka sauri."

"Royce, waccan ranar..."

"Na sani. Na gan ka kana kallona, kamar yadda ka kalle shi shekaranjiya." Ya share hanci da bayan hannu. "Yaron yana fushi da kai, ka sani. Ya ce ba zai sake yi maka magana ba."

"Ya yi ta yi. Ni dai da hannu biyu zan mayar maka da shi."

Royce ya dubi hannunsa. Shekara da shekaru da hagu yake gaisawa da mutane, duk garin an saba. Yau sai ya ɗago na daman, a lanƙwashe yadda yake, ya miƙo iya inda zai kai. Tackett ya matso ya cike sauran tazarar, ya riƙe shi da hannu biyu.