Ƙararrawar Baba Direba

Aikina a wani filin wasa a ƙasar waje shi ne sanarwa a ƙaramin jirgin ƙasan da ke zagaya tafki da yara. In jirgi ya cika, sai in ɗauki makirufo in ce kowa ya ɗaura bel, kada a miƙa hannu waje, kada a tashi sai an tsaya. Doka ce a faɗa da yare biyu: na baƙi masu yawon buɗe ido, wanda na iya tun a makaranta, da na 'yan gari, wanda in na buɗe baki da shi sai ka ce tsakuwa nake taunawa.

Manaja ba ta ɓoye mini ba. Ta ce in wata ya ƙare ban iya sanarwa ta biyun ba, in ajiye musu rigarsu. Ni kuwa da aikin nan takardar zamana a ƙasar take tsaye, ni da 'yata. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Direban jirgin wani tsoho ne ɗan gari, mai furfura har a gira, ina ce masa Baba Direba. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa yakan zagaya da jirgi ba kowa a ciki don ya gwada birki. Sai ya ce in riƙa hawa ina yi wa kujeru sanarwa. Duk inda na yi kuskure, ya ja igiyar ƙararrawa. Kai, na sha ƙararrawa! Kafin mu kai gada ta isa ta tashi agwagin tafkin duka.

Wata safiya raina ya ɓaci, na ce, "Baba, kai da ka iya ja, faɗe ta da yarenmu na gida mu ji!"

Wallahi sai tsohon nan ya ce in koya masa. Daga ranar muka raba: zagaye ɗaya nawa, ɗaya nasa, ni ma ina ja masa igiya har da mugunta.

Ranar gwaji jirgi ya cika maƙil, Manaja ta zauna a kujerar baya. Na yi ta baƙi lafiya lau. Ina shiga ta gari, harshena ya sarƙe a kan bel. Na sake, ya sake sarƙewa. Wani mai jar hula ya ɗaga murya, kuma abin haushi wannan kam na gane shi tsaf: "A zo ƙasar mutane a kasa koyon yarensu!" Wasu suka yi dariya. Ni da ba a taka ni in yi shiru, ranar sai na sauke makirufo. Fuskar 'yata kawai nake gani a raina.

Sai ga Baba Direba ya sauko daga gaba. Ya karɓi makirufo, ya gyara tsayuwa, ya zuba sanarwar nan tun daga farko da yarenmu. Innalillahi! Ya karya ta, ya murɗe ta, ya yi mata kaca-kaca. Yara suka kwashe da dariya har da buga kujera. Ni ban ma san lokacin da hannuna ya kai igiya na ja ba.

Ya juya ga fasinjoji ya ce musu, "Wata guda ke nan tana koya mini nata, kun ji inda na kai. Wanda ya fi ni, ga makirufo." Mai jar hula ya shiga gyaran bel ɗin ɗansa.

Ya miƙo mini, ya rage murya. "Dariyarsu ta ƙare a kaina, 'yar nan. Faɗi."

Na faɗa, tun daga bel har zuwa tsayawa. Ƙararrawa ba ta yi ko ƙis ba.

Da aka tashi ina goge kujeru, Manaja ta wuce ta gabana, ta ce da yaren gari, "Sai gobe." Na amsa mata da shi. Sai da ta yi nisa na zauna na yi kukana son raina.

Baba Direba na kulle injin. Na ce, "Baba, Allah ya saka maka da alheri. Amma tsakani da Allah, ban yi kuskure ba?"

"Kin yi mana," in ji shi. "Gobe da safe za ki ji shi."