Ɗakin da Esta Ta Hana

Alhaji Bamalli so yake a ajiye sabar a ɗakin ƙasa, kusa da ofishinsa, don duk baƙon da ya shigo ya ga fitilunta na ƙyaftawa. Saba dai ita ce babbar kwamfutar da za ta riƙe sakamakon gwajin marasa lafiya na shekara takwas a ɗakin gwaje-gwajensa da ke unguwar Magajiya. Ni kuwa aikina na farko ke nan tun da na daina bin motar Abuja zuwa aiki na fara cin gashin kaina. In ta lalace, ba mai sake ba ni, Muhsina, aiki a Suleja.

Na auna ɗakin, na zana inda wayoyi za su bi, na ware wa batura wurinsu. Fenti sabo fil, ba abin kushewa. Ina durƙushe da tef sai Esta, mai goge-goge, ta ajiye bokitinta ta tambaye ni ko abin da zan kafa yana son ruwa. Ta ce duk damina ita ke kwashe shi a nan. Ta kankare fentin da farce, sai ga tabon ruwa daidai gwiwa.

Da na ce sama za mu kai ta, Alhaji ya hau ni da faɗa. Ya ce an gyara kwata, kuma shi injiniya ya ɗauka, ba mai bin shawarar bokiti ba. Na kafe. Muka cusa ta a wani ɗan sito a bene, ya yi sati uku yana amsa gaisuwata da hanci.

Ranar wata Talata bayan azahar ruwa ya kece. Ina garin Diko sai Esta ta kira ni ta ce ya shigo. Ko da na iso, kujeru na yawo a ɗakin ƙasa. Na haye benen, na tura ƙofar sito. Fitilu kore shar, batura sun riƙe. Na zauna a ƙasa daɓas, na yi hamdala.

Alhaji ya hawo da wando naɗe, ya daɗe yana kallon fitilun.

"Ai dama na ce sama ta fi," in ji shi.

Sai ya leƙa ƙasa ya ɗaga murya.

"Esta, ajiye bokitin nan. Zo ki nuna mana inda za mu mayar da firjin jini."