Wayar Auta ta Kowa Ce

Saura ƙiris Auta ta fasa rubuta saƙon. Sau uku tana rubutawa tana gogewa, don rubutu bai taɓa zauna mata a hannu ba. Daga ƙarshe ta tura layi ɗaya: "Yaya wallahi ba ni ba ce."

Yayarta da ke aure a wani gari ce ta samu ciki bayan ɓari biyu. Ba ta gaya wa kowa ba sai Auta, a saƙon murya, ta roƙe ta ta yi shiru har likita ya ce ya zauna. Ba a kwana uku ba, sai ga Gwaggo, ƙanwar babansu da ke zaune a gidan su Auta, ta buga wa Yaya waya tana cewa, "Me kike ta yi a asibiti kwanan nan? Ko an samu ne?"

Amsar Yaya ga saƙon Auta ba ta jima ba: "Ke kaɗai na gaya wa. Gobe zan karɓo sakamakon hoton ciki, amma ba zan turo miki ba. Na gaji da a cika mini gida da jaje ban gama kukana ba."

Auta ta sake karanta saƙon. Ta taɓa ji a rediyo cewa akwai masu shiga wayar mutum ta intanet, don haka ta yafa mayafi ta nufi rumfar mai gyaran waya a bakin titi. Ta tarar da shi ya duƙufa a kan wata waya da ɗan sukudireba, fanka na kaɗa tarkacen wayoyi a kan tebur.

"Malam, ana sauraron maganata," ta ce, murya ƙasa ƙasa.

"Ɗaga murya, ƙanwata. Ni ma da ke gabanki ban ji ba, balle ɓarawo."

Ta yi masa bayani ba tare da ta faɗi sirrin ba. Ya karɓi wayar, ya jujjuya, ya danna nan ya danna can.

"Ba wanda ya shigo miki. Wannan saƙon, kafin ya bar wayar yayarki sai an damalmala shi, ya koma shirme. Ko wani ya tare shi a hanya, ba abin da zai gane. Wayarki kaɗai ke da mabuɗin da zai mayar da shi magana."

"To ta yaya Gwaggo ta ji?"

"Wa ke taɓa wayar?"

"Ba kowa." Sai ta fara ƙirgawa da yatsu. "Sai Gwaggo in za ta yi kira. Sai Baba in tasa ba caji. Sai matar maƙwabcinmu, tana son kallon ɗinki."

Mai gyara ya ajiye sukudireba ya dafe kai. "Ikon Allah! Masana sun ƙare basirarsu sun ƙera miki akwatin ƙarfe, ke kuma kin buɗe shi kin ajiye a falo. Zaɓi lambar sirri."

Ta danna lambobi huɗu.

"Shekarar haihuwarki ce, ko? Gwaggon ba ta san ta ba?"

"A hannunta aka haife ni."

"Sake!"

Ta sake, shida wannan karon, ya juya baya har ta gama. Ya gyara wayar yadda saƙo ba zai riƙa leƙowa a kan gilashi ba in tana kulle. Ya ce, "Ko ni kar ki gaya wa."

Da la'asar Auta na shanya a tsakar gida, sai ta ji muryar Gwaggo daga falo: "Ke Auta! Wayar nan ta lalace, tana ta tambayata lissafi."

"Kulle na sa, Gwaggo."

"Kulle? A gidan nan? Mu ne ɓarayin? Ni da na goya ki har bayana ya ƙage? To faɗo lambar, sauri nake."

Auta ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta ji kanta tana jero lambobin ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo kuwa ta riƙa maimaitawa da ƙarfi don kar ta manta, har matar maƙwabci ta leƙo ta katanga ta gyara mata: "Bakwai ta ce, ba tara ba."

Auta ta matse rigar da ke hannunta har yatsunta suka yi zafi. Kullen bai yi awa biyu ba. Kuma ba wanda ya ƙwace, da bakinta ta bayar.

Washegari da safe, kafin ta ɗora ruwan zafi, ta zauna bakin gado ta sauya lambar, ta ajiye wayar a falo kamar kullum. Ba a jima ba Gwaggo ta fito da wayar tana dannawa da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi.

"Ta ƙi. Bakwai ce ko tara?"

"Na sauya."

"To faɗo sabuwar."

Auta ta matso, idonta a ƙasa. "Wa za ki kira, Gwaggo? Kawo in kira miki."

"Au, tsaya mini za ki yi a ka kamar ɗan sanda?"

"Zan tsaya."

Gwaggo ta yi salati, ta tafa hannu, ta kira Baba ya zo ya ga abin da 'yarsa ta koma. Baba ya ce daga ɗaki shi dai a bar shi, shayinsa yake jira. Haka Gwaggo ta yi kiranta tana harara, Auta na tsaye a gefe. Tana gamawa Auta ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

Ta koma ɗaki ta turo ƙofa. Wannan karon ba ta goge ko harafi ɗaya ba: "Yaya laifina ne, a falo nake barin wayar. Yanzu na kulle, ni kaɗai na san lambar. In kin yarda ki turo."

Ta sa wayar a aljihun siket, ta fita ɗora ruwan zafi.