Littafin da Aka Wanke a Maska

Shekara uku ke nan fatake ba su kawo takarda Maska ba, gara kuwa ba ta san da wannan ba. Ta shiga ɗakin littattafan marigayi Malam Sanda ta yi ɓarna son ranta. Saboda haka malaman gari suka taru a zaure da hantsi, suka yanke shawara: littafin da ya cancanci zama za a sake kwafe shi, wanda bai cancanta ba a wanke takardunsa a shanya, a yi kwafin a kansu.

Malam Maitama, marubucin makarantar garin, yana zaune a gefe. Cikin tulin littattafan akwai nasa littafin, warƙa sittin na ajami. Da ƙuruciya ya yi damina bakwai yana zuwa Dayi wurin wata tsohuwar Bamagujiya mai suna Marka, yana rubuta abin da ta sani: saiwar da ke tsayar da jinin mai haihuwa, ɓawon da ke karya dafin kububuwa, ranar da auduga ke son ƙasa. Marka ta daɗe da mutuwa. Shi kuma, don rawar kai irin ta ƙuruciya, ya miƙa littafin waƙafi ga ɗakin Malam Sanda gaban shaidu, abin da aka bayar waƙafi kuwa ba a karɓe shi.

Malam Shitu, babba a zauren, shi ke ɗaga littafi yana tambaya. Na fiƙihu ya wuce. Na nahawu ya wuce, ko da yake akwai irinsa shida a garin, ba kuma wanda ya taɓa kai ƙarshen ɗaya ba tare da hamma ba. Sai aka zo kan na Maitama.

"Malam, wurin wa ka karɓi wanga ilimi?"

Da ya ce wurin wani shehi ne a Birnin Katsina, da an wuce wurin. Ya san haka sarai. Amma bakinsa ya ƙi.

"Wurin Marka ta Dayi, Allah gafarta Malam."

Malam Ummaru ya kau da kai yana murmushi. "Ita kuma wa ya karantar da ita? Gindin tsamiya?"

"Da shi aka ceci matarka ranar da ta haihu, Malam Ummaru."

"Allah ne ya cece ta."

Wa zai yi musu da wannan? Maitama ya roƙi kwana uku ya haddace. Shitu ya ce masa cikin taushin murya rana tana da kyau yau, gobe ana sa ran hadari, don haka yau za a wanke littafin a shanya.

Maitama suka ba wankin, wai hannunsa ya fi sanin takarda. Lokacin da ya rubuta littafin ba shi da halin tawada mai kama takarda, da tawadar allo ya yi, wadda aka yi ta don a wanke. Yana tsoma warƙa a ƙwarya yana karantawa da sauri, amma ruwan ya fi idonsa sauri. Ya kama sunan saiwar jini, adadin da ake jiƙawa ya tafi. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, don ya san kansa na tsufa ba zai riƙe ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Da la'asar takardun sun bushe a kan zana. Malam Shitu ya ɗaga ɗaya a rana, ya yaba.

"Kai, sun fita tas, kamar ba a taɓa rubuta komai ba."

Ya miƙa masa alƙalami da littafin nahawu. Maitama ya zauna ya ja bisimilla, ya fara kwafi na bakwai.